IN JARIRI YA ƘI SHAN MADARA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

A kusan kowace gunduma akwai jarirai waɗanda ake shayar da su da kwalba, watau abin nan da mata ke kira fida. Waɗansu marayu ne, uwayensu sun rasu wajen haihuwa. Waɗansu tagwaye ne da nono bai wadace su ba, waɗansu kuwa uwa ce ke kwance da ciwo, ko kuwa takan wuni wajen aiki ko makaranta. Yakan faru jaririn da ya saba shanye kwalbarsa sarai a wayi gari ya kau da kai, ya ture robar da harshe, ko ya kama ya saki yana kuka. Daga nan sai gida ya ruɗe, kowa ya kawo nasa magani, har kwana biyu ko uku su wuce ba a kai shi inda ya kamata ba.

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu su san dalilan da ke kawo haka, su kuma sanar da dagatai da masu unguwa, gama su ne labari ke fara isa gare su. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Jariri ba shi da bakin faɗin abin da ke damunsa, saboda haka ƙin shan nan nasa saƙo ne, kuma wajibi ne a binciki dalilinsa a ranar da aka gan shi.

Abin da za a fara dubawa

Ba kowane ƙin sha ne ciwo ba. Jariri mai lafiya yakan sha da yawa yau, gobe ya rage, kamar yadda babba ke yi. Gwargwadon abin da jaririn da bai kai wata 6 ba yake bukata shi ne kimanin mililita 150 na madara a kan kowane kilo na nauyinsa a kwana guda. Misali, jariri mai nauyin kilo 4 zai sha wajen mililita 600, in an raba sau 8 ya zama mililita 75 a kowane sha. Wanda yake samun abin da ya ishe shi yakan yi fitsari aƙalla sau 6 tsakanin safiya da wata safiya, fitsarin kuma fari ne, ba ja ba. In ya ƙi sha sau ɗaya, amma yana motsi, idonsa garau, jikinsa ba zafi, to a dakata kaɗan a sake gwadawa.

Amma in ya ƙi sha sau biyu a jere, ko kuwa abin da ya sha a wuni bai kai rabin wanda ya saba ba, to magana ta wuce ta gida. In kuwa bai kai wata 2 da haihuwa ba, ba a jira ko kaɗan, domin ciwo yakan kayar da ɗan wannan lokaci cikin sa'o'i, ba kwanaki ba.

Dalilan ƙin sha sun kasu kashi uku: akwai waɗanda ke cikin kwalbar da madarar, akwai ƙananan ciwace-ciwace, akwai kuma manyan cututtuka masu kisa.

Kashi na ɗaya: laifin kwalba da madara

Abu na farko shi ne hujin robar. In ya toshe da busasshiyar madara, jariri zai yi ta tsotso ba ya samun kome, ya gaji, ya fusata. In kuwa hujin ya yi faɗi, ko don robar ta tsufa ko don an faɗaɗa shi da allura, madara za ta riƙa zubo masa fiye da yadda zai iya haɗiyewa, ya ƙware, ya ji tsoron kwalbar. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a kifa kwalbar, madara ta riƙa ɗigowa ɗaya bayan ɗaya. In ta tsaya cik, ko ta zubo kamar famfo, a sake roba.

Na biyu, zafi ko sanyin madara. A ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannu. Kada a ji ta da zafi, sai dai ɗumi kamar na jiki. Jaririn da madara ta taɓa ƙona masa baki yakan yi kwana biyu yana gudunta.

Na uku, ɗanɗano. Da bazara madarar da aka haɗa da safe takan juya kafin azahar. Kwalbar da ba a ɗauraye da kyau ba takan riƙe warin sabulu ko na tsohuwar madara. Haka kuma in an sake irin madara saboda tsada, ko an sake rijiyar da ake ɗebo ruwa, jariri yakan gane.

Na huɗu, cikinsa na iya kasancewa a cike da wani abu. In ana ba shi ruwa, ko koko, ko jiƙo tsakanin sha da sha, ba sauran wurin madara, gama cikin jariri ƙarami ne ƙwarai.

Na biyar, girma. Tsakanin wata 3 da wata 4 jariri yakan fara lura da abin da ke kewaye da shi, kowane motsi ya waiwaya. Irin wannan sai a shige da shi ɗaki inda ba hayaniya. Haka nan in mai ba shi madara ta sake, ko an koma wani gida da shi, yakan ɗan yi ƙyuya kwana ɗaya ko biyu.

Duk waɗannan ana gane su da cewa jaririn lafiyarsa lau, da zarar an gyara abin da ya ɓaci sai ya koma sha.

Kashi na biyu: ƙananan ciwace-ciwace

*Mura.* Jariri da hanci yake numfashi sa'ad da yake tsotso. In majina ta toshe hancin, musamman da hunturu, sai ya kama robar ya saki don ya sheƙi iska. Akwai ruwan gishiri na ɗigawa a hanci da ake samu a asibiti; in an ɗiga kafin a ba shi madara hancin yakan buɗe.

*Farin abu a baki.* A buɗe bakinsa cikin haske. In an ga farin abu kamar guntun kindirmo a harshe da cikin kumatu, wanda ba ya fita in an goge, to ciwo ne da ke yawan kama masu shan kwalba, kuma yana sa bakin zafi. Kada a kankare shi. Akwai maganin shafawa a asibiti, yana warkewa cikin 'yan kwanaki, amma sai an riƙa tafasa robar, in ba haka ba ya dawo.

*Ciwon kunne.* Yakan biyo bayan mura. Tsotso da kwanciya rigingine suna ƙara masa zafi, saboda haka jariri kan fara sha da marmari sa'an nan ya tsala kuka. Shayar da jariri yana kwance, an jingina masa kwalba da tsumma an tafi aiki, yana daga cikin abin da ke kawo shi.

*Tumbuɗi da ciwon ciki.* Waɗansu jarirai madara kan dawo musu maƙogwaro ta yi musu zafi, sai su gantsare suna kuka a tsakiyar sha. A rage yawan abin da ake ba su a lokaci guda, a ƙara yawan lokutan, a kuma ɗora su a kafaɗa su yi gyatsa. In an ga jini a kashi, ko ƙuraje sun feso bayan an fara wata madara, mai yiwuwa jikinsa ne bai karɓe ta ba, sai likita ya duba.

*Allurar rigakafi.* Bayan allurar mako 6, da ta mako 10, da ta mako 14, jariri kan yi ɗan zazzaɓi ya rage sha kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba abin tsoro ba ne, ba kuwa dalilin fasa sauran allurai ba ne. In ya wuce kwana biyu a koma da shi.

*Haƙori.* Yawanci wajen wata 6 yake fara fitowa, yana kuma sa dasashi ƙaiƙayi. Amma fa a kula: haƙori ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawa mai yawa. Yara da yawa sun salwanta domin an ce haƙori ne aka zauna ana jira ya fito.

Kashi na uku: manyan cututtuka

Wannan kashi shi ne ya fi kowane muhimmanci, shi ne kuma ake so kowane mai unguwa ya haddace. Manyan cututtukan jarirai ba su cika zuwa da alamun da aka saba gani ga manya ba. Sau da yawa ƙin sha shi ne alamarsu ta farko.

*Cuta a cikin jini.* Takan shiga ta cibiya ko lokacin haihuwa. Jariri sai ya yi laushi, ya yi ta barci ba ya tashi neman abinci. Jikinsa na iya yin zafi, digiri 38 ko fiye, yana kuma iya yin sanyi ƙalau, ƙasa da digiri 35.5. Sanyin nan ya fi ruɗin mutane, don sukan ce ai ba zazzaɓi.

*Sarƙe-haƙora.* Jaririn da ya sha lafiya a kwanakinsa biyu na farko, sa'an nan ya kasa tsotso tsakanin kwana 3 da kwana 28, bakinsa ya ƙi buɗewa, jikinsa ya sandare, wannan ciwo ake zargi. Yakan bayyana wajen ƙarshen makon farko, watau daidai lokacin suna. Ta cibiya yake shiga, in an yanke ta da reza marar tsabta, ko an shafa mata toka, ko ƙasa, ko kashin dabba. Rigakafinsa allura ce da ake yi wa mace sa'ad da take da ciki, da kuma maganin cibiya na asibiti mai suna kuloheksidin, wanda cibiya kaɗai ake shafa wa, kada ya kusanci ido.

*Limoniya.* A buɗe ƙirjinsa yana kwance shiru, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif da agogo. In ya kai 60 ga wanda bai yi wata 2 ba, ko 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara, ko kuwa ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki sosai, to ba ƙin sha yake yi ba, numfashi ne bai bar shi ya sha ba.

*Sanƙarau.* Ga jariri ba lalle ne wuya ya sanƙare ba. Abin dubawa shi ne maɗiga ta kumbura, da kuka mai tsini, da taune-taune ko fizge-fizge.

*Gudawa.* In ruwa ya ƙare a jiki, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, jariri kan rasa ƙarfin tsotso. Lotsawar maɗiga ba ciwon kai ba ce da za a shafa mata ƙulli, alamar ƙishirwar jiki ce. A haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti bisa ga yadda aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan ana tafiya asibiti.

*Shawara, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon zuciya.* In rawaya ta bayyana a ranar haihuwa, ko ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Zazzaɓin damina sai an gwada jini kafin a ba da magani. Jaririn da ke yin gumi da haki duk lokacin sha, ba ya kuma ƙara nauyi, a kai shi babban asibiti a duba zuciyarsa.

Duk jaririn da aka ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu gare shi, ko dare ne, a nemi abin hawa. A rungume shi a ƙirji fata da fata, a lulluɓe su tare, don kada sanyi ya kama shi a hanya.

Abubuwan da ke ƙara ɓarna

Na farko, ɗura. In an toshe wa jariri hanci an ɗura masa madara ko koko yana kuka, abin yakan bi hanyar numfashi ya faɗa huhu, ya zama limoniya, wani ma nan take numfashinsa ya ɗauke. Wanda ya tsira kuwa yakan tsani kwalba gaba ɗaya.

Na biyu, cire beli. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke hana yaro sha. Likitoci ba su sami haka ba. Abin da suka gani shi ne zubar jini, da shigar cuta, da sarƙe-haƙora, ga kuma raunin maƙogwaro da ke hana shi haɗiya, alhali ciwon na ainihi yana nan yana ci.

Na uku, maganin haƙori na kanti. A shekarar 2008 zuwa 2009 wani maganin haƙori na ruwa, wanda aka sami guba a cikinsa, ya lalata ƙodar yara a Legas da Ibadan da Zariya, aka ƙidaya yara 84 da suka mutu. Kada a ba jariri wani magani sai wanda ma'aikacin asibiti ya rubuta bayan ya gan shi da idonsa.

Na huɗu, zuma. Ba a ba wanda bai cika shekara ba, ko shafawa a roba don ya kama, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta mai kashe jiki, wadda alamarta ta farko ita ce raunin tsotso.

Na biyar, tsinka madara da ruwa don gwangwani ya daɗe, ko ba shi madarar shayi, ko nonon shanu, ko koko kafin wata 6. Ciki zai cika, jiki kuwa yana ramewa.

Haɗa madara da shayarwa da kofi

Garin madara, ko gwangwani sabo ne, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Saboda haka a shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa a haɗa shi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba. Watau a tafasa ruwa, a sauke, kada ya wuce minti 30, a zuba gwargwadon da aka rubuta a gwangwani, a sa gari da ludayinsa daidai baki, sa'an nan a sanyaya cikin ƙwaryar ruwan sanyi. Abin da ya kai awa 2 ba a sha ba a zubar. Kwalba da roba kuwa a wanke su da sabulu da buroshi, a tafasa minti 10.

Gidan da itace da ruwa suka yi wuya, ƙaramin kofi ya fi kwalba, domin ba shi da lungun da datti zai ɓuya. A zaunar da jariri a cinya, a tallafe kansa, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har madara ta taɓa leɓen, shi da kansa zai lasa ya kurɓa. Ba a zuba masa. Ko bakwaini yana iya sha ta wannan hanya, jaririn da ya ƙi roba kuwa sau da yawa yakan karɓi kofi.

Nonon uwa da doka

Babu madarar da ta kai nonon uwa. A shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara cewa a ba jariri nono zalla, ba ko ruwa, har wata 6. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kaɗai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun haka. Uwar da ta bar shayarwa tana iya komawa. In an riƙa sa mata jariri a ƙirji sau da yawa dare da rana, nono yakan dawo cikin 'yan makonni. Maraya kuma, in akwai 'yar'uwa mai shayarwa da ta yarda, bayan an gwada jininta a asibiti, ita ta fi masa gwangwani.

Tun shekarar 1981 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar hana tallan madarar jarirai, Nijeriya kuma ta kafa tata doka a 1990, hukumar NAFDAC ce ke lura da ita. Bai halatta ba a yi tallan madarar jarirai ga jama'a, ko a raba ta kyauta ga masu jego don jawo ciniki. In an ga haka a kasuwa ko a ɗakin shan magani, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Abin da ake bukata ga hakimi da malaminsa

Tun shekarar 2009, da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko, an ga abin da sarauta ta iya yi wajen yaƙi da shan inna. Irin wannan himma ake nema a nan.

1. Hakimi ya sa a karanta wannan takarda a taron dagatai, su kuma su kai ta ga masu unguwa, da limamai, da ungozomomi.

2. Malamin hakimi ya buɗe littafi na jariran da uwayensu suka rasu, da tagwaye, da duk wanda ba ya shan nono: sunan gida, da ranar haihuwa, da mai riƙonsa. Ya riƙa ba ma'aikacin asibiti mafi kusa wannan lissafi kowane wata domin a auna nauyinsu.

3. In wata mace ta shayar da maraya, a rubuta sunanta da na 'ya'yanta a gaban shaidu, saboda hukuncin aure tsakanin 'yan'uwan nono, kada tsoron rikicin gaba ya hana taimako.

4. Hakimi ya kira Sarkin Aska da mutanensa cikin mutunci, a yi shawara, domin wanzamin da aka kawo wa jariri marar sha ya tura shi asibiti. Mutane suna jin maganarsu.

5. Kowane ƙauye ya san mai mota ko mai babur da za a tasa da dare, a kuma yi wani ɗan asusu na kuɗin mai.

6. A yi wa magidanta magana su bar izini a gida tun kafin su fita, cewa in jariri ya ƙi sha a kai shi asibiti ba sai an jira dawowarsu daga gona ko kasuwa ba. Jarirai da yawa a wannan jira ake rasa su.

7. In jariri ya rasu, mai unguwa ya sanar, a rubuta abin da aka gani da kwanakin da ya yi yana ciwo. Ba don a kama wani da laifi ba, sai don a gane inda jinkiri ke shigowa a wannan gunduma a toshe shi.

Mafi yawan jariran da suka ƙi sha, abin da ke damunsu ƙarami ne, sukan koma sha cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma ba mai iya rarrabe ƙaramin da babban daga zaure, sai an duba jaririn an ƙirga numfashinsa an auna zafinsa. Wanda aka kai asibiti aka ce ba kome, kuɗin mota kaɗai aka yi hasara. Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba shugabanni ikon riƙon amanar talakawansu, amin.